Littafina kan yadda aka rubuta dokar ƙasa da ƙasa: inda aiki ya kwana

12 Janairu 2025

Bismillah, yau na fara ajiye bayanin aikin nan don 'yan ajinmu da suke ta tambaya su riƙa ganin inda aka kai. Abin da nake so shi ne ɗan littafi da Hausa, babi takwas, kowane babi kuma in naɗe shi da murya a tura a WhatsApp saboda masu shan wahalar karatu a waya. Maganar ita ce yadda aka ɗauko al'adun da ƙasashe suka saba bi a tsakaninsu, irin su kar a taɓa jakada, a cika alkawarin yarjejeniya, kar a kashe wanda ya miƙa wuya, aka zauna aka maida su rubutattun sassa masu lamba.

Na manna babban kwali a bango na ja layi uku. Na farko shekarar da aka fara aiki a kan batu, na biyu shekarar da aka gama rubutu, na uku kuma ko ya fara aiki ko yana nan a kwance. Sai na ƙara layi na huɗu da jan biro, wato su waye a ɗakin ranar da aka rubuta. Ina ganin wannan na huɗun shi ne zai riƙe littafin gaba ɗaya.

26 Janairu

Babi na ɗaya ya kammala, daftarin farko dai. Na bi ta taron Biyana na 1815 inda aka tsara darajojin jakadu, da sanarwar Paris ta 1856 kan yaƙin teku, da dokar Lieber ta 1863 mai sashe 157 da Lincoln ya ba sojojinsa a yaƙin basasar Amurka, da yarjejeniyar Janiba ta 1864. Duk wannan a gurguje na wuce, don duk littattafan makaranta suna da shi.

Inda na tsaya shi ne taron birnin Heg, a ƙasar Holan, na 1899. An buɗe shi 18 ga Mayu, an rufe 29 ga Yuli, ƙasashe 26, babu ko ɗaya daga Afirka. A 1907 suka sake zama, ƙasashe 44, nan ma babu. A ɗakin nan ne aka rubuta cewa haramun ne a ce ba za a bar kowa da rai ba, haramun ne a kwashe ganima a gari ko da da yaƙi aka ci shi. To a daidai shekarar 1899 ɗin rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine tana ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, a Afrilu sun yi karo da Sarauniya a Lugu, a watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ba a manta ba, wato a watan da wakilan Faransa suke zaune a Heg ana gyara jimloli. Kuma rubutun bai shafi Ƙonni ba ko kaɗan, don an sa a ciki cewa yana aiki ne tsakanin ƙasashen da suka sa hannu kawai. Birtaniya ma a 1899 ƙin sa hannu ta yi a sanarwar hana harsashin dum-dum mai faɗaɗa idan ya shiga jiki, wakilinta yana kafa hujja da cewa ana buƙatarsa a yaƙin mulkin mallaka, sai a 1907 ta shiga. Tsakanin waɗannan shekarun biyu aka ci Kano da Sakkwato a 1903, aka yi Burmi, aka shafe Satiru a 1906.

Wallahi da nake rubuta wannan sashen sai da na ajiye biro na fita waje. Ban yarda a koyar da Heg a ajinmu ba tare da Ƙonni ba, kuma haka zan bar shi a littafin ko da ya yi nauyi.

9 Fabrairu

Babi na biyu gajere ne. Tsohuwar majalisar ƙasashe, wadda aka kafa bayan yaƙin duniya na ɗaya, ta naɗa kwamitin masana a 1924, suka tace batutuwa har aka tsaya a kan uku: zama ɗan ƙasa, iyakar ruwan teku na kowace ƙasa, da alhakin ƙasa idan an cuci baƙo a cikinta. Aka yi taro a Heg daga 13 ga Maris zuwa 12 ga Afrilu 1930. Batun zama ɗan ƙasa ne kaɗai ya haifi yarjejeniya, sauran biyun suka watse. Kan teku, manyan masu jiragen ruwa suna cewa mil uku, wasu suna cewa huɗu, wasu shida, kowa kuma yana rantsuwa nasa ne al'adar da aka gada.

Abin kamar gonar gado ne, kowa ya san iyaka ana ta noma lafiya, ranar da aka ce a auna a rubuta a takarda ranar ake gane ashe kowa da inda yake ganin tasa ta tsaya. Maganar faɗin tekun nan ba ta warware ba a Janiba a 1958, a 1960 shawarar Amurka da Kanada ta mil shida da ƙarin shida na kamun kifi ta faɗi da ƙuri'a ɗaya tak, sai a 1982 aka tsaya a mil 12.

23 Fabrairu

Na naɗe muryar babi na ɗaya da na biyu, da daddare saboda hayaniyar unguwa, an ɗauke wuta ana tsaka amma wayar ta riƙe. Na tura wa 'yan aji.

Yanzu ina kan babi na uku, Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Tushenta sashe na 13 na kundin Majalisar, wanda ya ɗora wa Babban Zaure aikin ƙarfafa bunƙasa doka da rubuta ta. An kafa ta 21 ga Nuwamba 1947, ta fara zama 1949 da mutum 15, yanzu 34 ne, ana zaɓensu duk shekara biyar kuma a ƙa'ida ba wakilan gwamnati ba ne, da sunan kansu suke zama. A zaman farko suka zaɓi batutuwa 14. Yadda suke aiki, a ɗauki mutum ɗaya a ba shi batu ya riƙa kawo rahoto, a yi muhawara, a tura wa kwamitin gyaran rubutu, a yi karatun farko, a aika wa gwamnatoci su yi sharhi, a dawo a yi karatu na biyu, sannan a miƙa wa Kwamiti na Shida na Babban Zaure inda lauyoyin gwamnatoci suke, daga nan kuma ko a kira babban taro ko a ajiye.

Wata ɗaliba ta turo tambaya da murya, ta ce Malam, idan dama al'adar tana nan kowa yana bi, mene ne amfanin rubutawa, kuma idan ba ta nan ai ƙirƙira suke ba rubutawa ba. Tambayar ta yi kyau sosai har na sa ta a farkon babin. Dokar da ta kafa Hukumar ma a sashe na 15 ta raba biyun, akwai tsara abin da ƙasashe suka daɗe suna yi, akwai kuma shata sabuwar hanya inda doka ba ta nuna ba. Amma a aikace Hukumar da kanta ta daina ƙoƙarin rabawa, don duk wanda zai rubuta al'ada dole ya cike giɓi, dole ya zaɓi ta wa zai ɗauka idan sun saɓa. Na ce mata ta riƙe wannan har mu zo babi na shida.

15 Maris

Azumi ya rage saurin aiki, bayan asuba kawai nake samun rubutu. Babi na huɗu, jakadu.

Yarjejeniyar Biyana ta 18 ga Afrilu 1961 kan hulɗar jakadanci ita ce wadda ta fi samun karɓuwa a duk aikin Hukumar, kusan duk ƙasashen duniya suna ciki, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, kowace ƙasa tana karɓar jakadu tana kuma aikawa, in ka wulaƙanta na wani a garinka naka yana hannunsa. Ta fara aiki 1964. Don ɗalibai su ga yadda jimla ɗaya take aiki na kawo labarin Umaru Dikko, ministan sufuri a zamanin Shagari, wanda aka sace a ƙofar gidansa a Landan ranar 5 ga Yuli 1984. An yi masa allurar barci aka sa shi a akwatin katako tare da likitan da yake lura da numfashinsa, aka kai filin jirgi na Stansted za a ɗora a jirgi mai zuwa Legas. Sashe na 27 sakin layi na 3 ya ce jakar diflomasiyya ba a buɗe ta ba a tsare ta, bai kuma faɗi iyakar girma ko nauyi ba, akwati ma yana iya zama jaka. Amma sakin layi na 4 ya ce dole a ga alama a jikinta daga waje da ke nuna ko mece ce. Akwatin ba shi da wannan alamar yadda ya kamata, shi ya ba 'yan kwastam damar buɗewa, suka same shi a sume. An ɗaure mutum huɗu, uku 'yan Isra'ila ɗaya ɗan Najeriya, gwamnatin soja ta lokacin kuma ba ta amsa cewa da hannunta ba.

Na kunna wa Baba muryar bayan shan ruwa, ya saurara har ƙarshe, ya ce shi a rediyo ya ji labarin a lokacin kuma bai taɓa sanin a kan alamar jikin akwati maganar ta tsaya ba. Ya ce to yanzu da sun manna alamar fa, shikenan sai a bar mutum ya wuce a akwati? Na ce Baba ai tambayar da lauyoyi suka yi ta yi kenan, da yawa suna cewa ceton rai ya wuce kariyar jaka, Hukumar ma ta yi wani daftari na musamman kan jakar ta gama a 1989, ƙasashe suka kasa jituwa kan binciken ta da na'ura ya kwanta har yau. Na ƙara tambayar tasa a babin.

6 Afrilu

Barkanmu da sallah. Babi na biyar shi ne mafi tsawo kuma shi na fi so, yarjejeniyar Biyana ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyi. Batun yana cikin jerin 1949, ya bi ta hannun masana huɗu duk 'yan Birtaniya, Brierly, Lauterpacht, Fitzmaurice da Waldock, aka gama daftari 1966, aka yi taro zama biyu a 1968 da 1969. A layin jan biro kuwa an samu canji babba, yanzu ƙasashen Afirka da Asiya da suka samu 'yanci suna ɗakin, kuma wanda ya shugabanci babban kwamitin da ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya shi ne Taslim Olawale Elias, babban lauyan gwamnatin Najeriya, ana tsaka da yaƙin basasa a gida. Daga baya ya zama shugaban Kotun Duniya.

Taron ya kusa rushewa a kwanakin ƙarshe. Sababbin ƙasashe da na gabas suna so a rubuta dalilan da ke rushe yarjejeniya, musamman sashe na 53 da ya ce duk yarjejeniyar da ta saɓa wa ƙa'idar da duniya ta yarda ba a ketare ta, kamar hana bauta ko kisan ƙare dangi, ɓatacciya ce. Ƙasashen yamma suka ce ba za su yarda ba sai an sa wajen da za a kai ƙara dole, kar kowa ya tashi ya ce tasa ta rushe. Elias ne ya jagoranci wasu ƙasashen Afirka da Asiya suka kawo sulhun da ya zama sashe na 66: rigima kan irin wannan ƙa'idar a je Kotun Duniya, sauran a je kwamitin sasanci. Aka kaɗa ƙuri'a kan yarjejeniyar gaba ɗaya, 79 suka yarda, 19 suka ƙaurace, Faransa kaɗai ta ce a'a. An buɗe ta don sa hannu 23 ga Mayu 1969, ta fara aiki 27 ga Janairu 1980. Akwai abin da aka rasa kuma, ƙananan ƙasashe sun so matsin tattalin arziki ya shiga cikin tilascin da ke ɓata yarjejeniya, ba a sa shi a sashe na 52 ba, an tura shi wata sanarwa ta daban da aka liƙa a takardar rufe taro.

Sai na kawo Bakassi. Gaskiya na daɗe ina tunanin ko in bar shi don har yanzu yana sosa rai, amma ba inda za a ga sashe na 46, mai magana kan ƙasar da ke son zame wa yarjejeniya da hujjar an saɓa wa dokarta ta cikin gida wajen sa hannu, yana aiki kusa da mu kamar nan. Gowon da shugaban Kamaru Ahidjo sun sa hannu a sanarwar Marwa ranar 1 ga Yuni 1975 kan iyakar ruwa. A gaban Kotun Duniya Najeriya ta ce ba ta ɗaure ta ba don Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta amince ba. Hukuncin 10 ga Oktoba 2002 ya ce shugaban ƙasa yana cikin waɗanda sashe na 7 ya ɗauka suna wakiltar ƙasa ba sai sun nuna takarda ba, kuma ƙa'idar cikin gida da ta taƙaita ikonsa ba ta zama bayyananniya ba in ba a yayata ta yadda ya dace ba. Na fayyace wa ɗalibai cewa ita tsibirin kanta kotu a kan yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 11 ga Maris 1913 ta dogara, Marwa ta teku ce, don mutane suna yawan cakuɗa su. Hukuncin ya taɓa tafkin Cadi ma, yankin Darak inda masunta 'yan Najeriya, Hausawa da yawa a ciki, suka daɗe da zama, ya koma Kamaru.

Ba na ganin wannan ya rage darajar aikin Elias. Ƙa'idar da za ta kare ka ranar da wani babba yake son zame wa alkawari ita ce za ta kama ka ranar da kai kake son zamewa, in ba haka ba ba wanda zai sa hannu.

20 Afrilu

Wani abokin aiki, malamin fiƙihu, ya karanta babi na ɗaya ya ce Malam ina Siyar, ai Imam Shaibani wanda ya rasu 189 bayan hijira ya tsara hukunce-hukuncen yaƙi da sulhu da amana da manzanni tun kafin Turawan nan. Yana da gaskiya kan tarihi, na ƙara shafi biyu a gabatarwa. Amma ban canza tsarin littafin ba, don wancan malami ne yake tsara hukunci ga al'ummarsa, abin da nake bi kuma shi ne ƙasashe masu addini da buƙatu daban su zauna su yarda da rubutu ɗaya. Ya ce zai rubuta nasa, na ce Allah ya ba da iko, ina jira.

11 Mayu

Babi na shida ya tsaya mini a wuya. Layi na uku a kwalin ya cika da kalmar "a kwance". Yarjejeniyar 1975 kan wakilan ƙasashe a ƙungiyoyin duniya ba ta fara aiki ba, ta 1986 kan yarjejeniyoyin ƙungiyoyi haka, ta 2004 kan kariyar ƙasa a kotunan wata ƙasa haka. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta 1983 kan gadon dukiya da takardun tarihi da basussuka idan sabuwar ƙasa ta fito. Mohammed Bedjaoui na Aljeriya ne ya riƙe batun shekaru, aka rubuta cewa bashin mai mulkin mallaka ba ya hawa kan ƙasar da ta samu 'yanci sai da yarjejeniya, ƙasashen yamma suka ƙi, har yau ba ta samu adadin da za ta fara aiki ba. 'Yar uwarta ta 1978 kan gadon yarjejeniyoyi sai 1996 ta fara aiki, da ƙasashe kaɗan. Kenan shiga ɗakin bai isa ba, in ka riƙe alƙalamin masu ƙarfi suna iya tashi su bar maka takardar.

A ɗaya gefen kuma ga alhakin ƙasa, ɗaya daga batutuwa biyun da suka watse a taron 1930. Ya bi ta hannun mutum biyar, García-Amador, Ago, Riphagen, Arangio-Ruiz, sai Crawford da ya kammala a 2001 da sashe 59, bayan an cire tsohon sashe na 19 da yake cewa ƙasa ma tana iya aikata babban laifi. Babban Zaure bai kira taro ba, ranar 12 ga Disamba 2001 ya ce ya gani ya liƙa rubutun a ƙudurinsa, tun daga nan kuma duk bayan shekara uku ake dawo da maganar a sake ɗagawa. Amma kotuna suna kafa hujja da sassan nan kullum kamar an rattaba musu hannu. Masu cewa a bar shi haka suna tsoron in aka buɗe taro za a yayyage shi. Na fahimci tsoron, amma ni ina tare da masu cewa a kira taron, don rubutun da masana 34 suka yi alƙalai suka ɗauka ba tare da ƙasashe sun zauna sun kaɗa ƙuri'a ba, ƙananan ƙasashe ne suka rasa wajen magana a kansa, manya suna da ofisoshin lauyoyi da suke aika sharhi tun a karatun farko.

1 Yuni

Babi na bakwai na ruwa ne, na gama shi cikin sauƙi don ɗalibanmu sun san maganar. Yarjejeniyar koguna ta 21 ga Mayu 1997, ƙuri'a 103, Sin da Turkiyya da Burundi suka ƙi, Masar da Habasha suka ƙaurace, ba ta fara aiki ba sai 17 ga Agusta 2014. Najeriya da Nijar da Cadi duk suna ciki. Na haɗa sashe na 5 na rabo bisa adalci da na 7 na kar ka yi wa maƙwabci babbar illa, da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Najeriya da Nijar kan Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe da sauransu, su gani cewa mu ma mun rubuta namu tun kafin na duniya ya fito.

Saura na takwas, shi kuma ba zai rufu ba don abin yana gudana. Akwai yarjejeniyar kisan ƙare dangi tun 1948, akwai na Janiba na 1949, amma babu ta laifukan cin zarafin bil'adama. Hukumar ta gama daftari mai sashe 15 a 2019, aka yi ta jan ƙafa a Kwamiti na Shida har Gambiya da Meziko suka ja ragama, a Disamba 2024 Babban Zaure ya yanke a yi babban taro a 2028 da 2029, da zaman share fage a Janairu 2026 da kuma 2027. Saliyo tana neman a sa cinikin bayi a jerin laifukan. Zaman Hukumar na bana ma an rage shi zuwa mako biyar saboda ƙarancin kuɗi a Majalisar, ya ƙare shekaranjiya, kuma wannan zai jinkirta batutuwa da yawa.

Shawarar da na yanke, zan buga babi bakwai ɗin bayan babbar sallah in Allah ya kai mu, na takwas kuma in bar shi a intanet ina sabuntawa. Ina neman ɗalibai biyu masu jin Faransanci su taya ni tattara jawaban Nijar da Kamaru da Cadi a Kwamiti na Shida kan daftarin 2019, ni zan ɗauki na Najeriya da Gana da na rukunin Afirka. Muryar babi na biyar da na shida za ta fito cikin makon nan, duk wanda ya ga kuskuren shekara ko lambar sashe don Allah ya turo kafin a kai wa mai bugawa.